Tambayoyi da amsoshi: idan tiyo ko notin fetur bai dace da bakin famfon mai ba a tsohuwar mota

Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega, Yauri da Zuru, har yau ana cin karo da Peugeot 504 da a-kori-kura 404, da Beetle, da tsohuwar Land Rover da mai ita ya ƙi rabuwa da ita. Masu irin waɗannan motoci da kanikawan da ke duba su kusan tambaya ɗaya suke maimaitawa duk ranar da aka sauya famfon mai: famfo ya zauna daram a jikin inji, amma hanyar fetur ta ƙi haɗuwa da shi. Ga tambayoyin da suka fi yawa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

1. Na sayo sabon famfo, ya zauna a inji, amma tiyo ko noti ya ƙi shiga. Mai kanti ne ya ba ni wanda ba shi ba?

Ba lallai ba ne. Motocin nan sun girmi kayan gyaransu na asali. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kuma a shekarar ce aka fara haɗa Volkswagen a Legas. Famfon da ke kasuwa yanzu yawanci wani kamfani ne daban ya ƙera shi don ya shiga motoci iri-iri, sai ka ga gindinsa daidai amma bakinsa na wata mota ne.

Sannan ƙasashe ba awo ɗaya suke bi ba. Faransa da Jamus da Japan milimita suke aunawa, Ingila da Amurka kuma inci, su biyun ma zaren notinsu ba ɗaya ba ne. Ƙara da cewa motar da ta shekara 40 a hanya ta ratsa hannun kanikawa da yawa, wani ya sauya inji, wani ya yanke bututu ya yi ƙari. Abin da ke jikin motarka yau ba lallai shi ne abin da ta fito da shi ba, don haka awo ake yi, ba a dogara da sunan mota kaɗai.

2. Kafin in nemi adafta, wato ɗan mahaɗin da ke haɗa baki biyu da ba su dace ba, me zan fara dubawa?

Ka fara gane inda haɗin yake riƙe fetur, domin a mafi yawan haɗi ba zaren noti ne ke tsare yoyo ba, aikinsa matsewa kawai. Akwai hanci, wato ɗan bututun da ake cusa wa tiyo a ɗaure da kilif. Akwai bututun ƙarfe da aka buɗa bakinsa kamar mazurari, noti ya danna shi kan mazauninsa a cikin famfo. Akwai mai ɗan zoben tagulla da ake zura wa bututu, noti ya matse zoben har ya kama, wanda ya yi yawa a motocin Ingila. Akwai banjo, wato bolti mai rami a ciki da ke ratsa wani zobe, da washa biyu sama da ƙasa. Na ƙarshe shi ne zare mai tsukewa, wanda ke ƙara kauri daga baki zuwa gindi. Shi kaɗai ne zarensa da kansa ke tsare fetur.

Haska fitila cikin bakin famfon. Idan ka ga wani ɗan tudu mai tsini a ƙasan ramin, mazaunin buɗaɗɗen bututu ne. Idan gefen ramin daga waje a goge yake sumul, wurin zaman washa ne. Noti na iya shiga daidai amma ya yi ta yoyo saboda mazaunin ba irinsa ba ne, kuma ƙarin ɗauri ba ya maganin wannan.

3. Wane girman tiyo ne daidai?

Ramin cikin tiyo ake aunawa, a gwada da kaurin hancin daga waje. Waɗanda aka fi samu su ne milimita 6 da milimita 8, sai na inci: 1/4 daidai yake da milimita 6.35, 5/16 kuma 7.94, 3/8 kuwa kusan 9.5. Ka ga ke nan 5/16 da milimita 8 abu ɗaya ne a wurin aiki, ana musanya su ba matsala. Amma 1/4 a kan hancin milimita 6 ya ɗan yi sako-sako, a kan na Beetle kuwa ya yi yawa ƙwarai (duba tambaya ta 13).

Tiyon da ya dace sai an ɗan yi kokawa kafin ya shiga. Wanda ya zurma da kansa ba tare da an tura ba, ya yi girma.

4. Tiyo ya yi wa hancin famfo yawa. In na matse kilif sosai ai shi ke nan?

A'a, kuma wannan ita ce dabarar da ta fi yawa a garejinmu. Idan aka matse babban tiyo kan ƙaramin hanci, robar ba ta tsukewa ko'ina daidai, ninkewa take yi, ta bar siririyar hanya a cikin ninkin. Ranar farko ba za ka ga komai ba. Bayan inji ya yi zafi ya huce sau da yawa, robar ta saki, sai fetur ya fara tsattsafowa. Naɗa salatif ko robar tayar babur a kan hancin don ya yi kauri ya ma fi muni, domin fetur na narkar da su, guntayen su wuce cikin kafireta.

Hanyar da ta dace ita ce mahaɗin tagulla mai kai biyu, ɗaya 8 ɗaya 6, da guntun tiyo kowane da girmansa. Wasu filtocin fetur na roba ma da hanci mai hawa biyu suke zuwa, suna iya yin wannan aikin. Idan kuwa tiyon ne ya yi ƙanƙanta da abin da bai kai milimita 1 ba, tsoma bakinsa a ruwan zafi zai sa ya shiga. Fiye da haka zaren cikin tiyon zai tsinke, ya tsage daga baya.

5. Yaya zan gane irin zaren da ke bakin famfo?

Abu uku ake aunawa: kauri, tazarar haƙora, da ko zaren miƙaƙƙe ne ko mai tsukewa. Inda aka fi ruɗewa shi ne wajen kaurin milimita 10, domin zare uku ne ke kama da juna a ido. Na milimita, M10x1, tazarar haƙoransa milimita 1 ce cif. Na Amurka, 1/8 NPT, haƙora 27 ne a inci ɗaya, kuma mai tsukewa ne. Na Ingila, 1/8 BSP, haƙora 28 ne. Haka kuma a sama kaɗan, 1/2 UNF mai haƙora 20 yana kama da M12x1.25, sai 1/4 NPT mai 18 da 1/4 BSP mai 19.

Wanda ba shi da ma'aunin haƙora yana iya danna notin a kan sabulu ko takarda, ya auna tsawon tazara goma da rula. Idan ya samu milimita 10, na milimita ne; idan kusan 9.4, na Amurka ne; idan kusan 9.1, na Ingila ne. Bambancin ƙarami ne, shi ya sa ake auna goma maimakon ɗaya. Don gane mai tsukewa kuwa, a auna kaurin haƙorin farko da na ƙarshe da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu. Ramin famfo ba ya aunuwa da sauƙi, saboda haka a gwada shi da notin da aka riga aka san irinsa, da yatsu kawai.

6. Notin ya shiga zagaye biyu ko uku sannan ya cije. In ƙarasa da sifana?

Dakata tukuna. Idan zaren mai tsukewa ne kuma ka tabbatar irinsu ɗaya, haka yake yi: ya shiga 'yan zagaye da hannu, a ƙara ɗaya ko biyu da sifana. Amma miƙaƙƙen zare ya kamata ya tafi da yatsu har ƙarshe. Idan ya cije da wuri, to zare biyu ne daban suke cin juna, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 5.

Kan famfo da jikin kafireta narkakken ƙarfe ne mai laushi, noti kuwa ƙarfe ne ko tagulla. In aka yi ƙarfi, famfon ne zai sha kashi: ko zarensa ya suɗe, ko bakin ya tsage. Tsagar ma sau da yawa ba ta ganuwa sai fetur ya jiƙa ta. Ko da noti ya dace, a riƙa amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe gindin ɗaya ta juya, don kada bututun ya murɗe.

7. Farin tef na masu gyaran famfon ruwa fa, ko gam?

A kan buɗaɗɗen bututu, zoben tagulla da banjo, tef ba shi da wani aiki, tunda fetur ba ta zaren yake fita ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya hana noti kaiwa mazauninsa. A kan zare mai tsukewa ana iya sa abin toshe zare, amma na ruwa wanda aka rubuta yana jure fetur ya fi tef. Idan tef ɗin kaɗai ke akwai, a bar haƙora biyu na farko babu shi, domin guntunsa ɗaya ya isa ya maƙale allurar kafireta, fetur ya yi ta ambaliya.

Gam ɗin silikon da ake shafa wa gasket kumbura yake yi a fetur ya sauke. Ba wurinsa ba ne nan ko kaɗan.

8. Wane irin tiyo zan saya?

Wanda aka rubuta a jikinsa cewa na fetur ne. Lambar da ake nema ita ce SAE J30, sai R6 ko R7 ga mota mai kafireta, R9 kuma ga mai injekta. R9 ya fi tsada amma ya fi jure zafi da fetur mai gauraye, kuma ba laifi a sa shi a mota mai kafireta. Ga wanda ya tuna fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022, ya san abin da gurɓataccen mai ke yi wa roba. Ga kuma fetur ɗin galan da ake saya a bakin hanya, wanda ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

Farin tiyon da magina ke ɗaukar lebur da shi, da tiyon ruwa, da na iska, duk ba su da hurumi a nan. Farin yana ƙandarewa ya saki hanci, sauran kuma su kumbura su yi laushi daga ciki. Shi ma tiyo mai kyau, a yanayin zafinmu, a riƙa lanƙwasa shi lokaci-lokaci a duba. Da zarar ƙananan tsagu sun bayyana, a sauya.

9. Zan iya yanke bakin bututun ƙarfen in haɗa da tiyo kawai?

A mota mai kafireta ana iya yi, tunda ƙarfin turin kaɗan ne, amma da sharuɗɗa. A yanka da abin yanka bututu, ba da zarto ba, don garin ƙarfe kada ya shiga. Kuma kada a kuskura a sa injin garanda kusa da hanyar fetur. A goge kaifin bakin, sannan a ɗan tayar masa da kumburi da abin buɗa bakin bututu, don tiyo ya sami abin kamawa. Miƙaƙƙen bututu mai santsi tiyo na iya zamewa daga kansa komai ɗaurin kilif. Tiyon ya hau aƙalla santimita biyu zuwa uku.

Sai dai a yi tunani kafin a yanke. Bututun asali in ya tafi ya tafi, kuma sau da yawa adafta guda ɗaya ta isa ta haɗa shi da sabon famfo (tambaya ta 11). Game da bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, yana da daɗin lanƙwasawa, shi ya sa ake son sa, amma girgiza na sa shi ƙandarewa har ya tsage, galibi daidai gindin noti. A hanyoyinmu na karkara wannan ba abin wasa ba ne. Idan dole sai shi, a ɗaure shi da jikin mota a wurare da yawa, kuma a sa guntun tiyo tsakaninsa da inji, domin inji na rawa a kan kujerunsa, jikin mota kuwa ba ya binsa.

10. Kilif ai kilif ne, ko akwai bambanci?

Akwai. Mai ramuka da ake juyawa da sukundireba, idan ya yi wa tiyo girma, ba ya matsewa a zagaye, kuma ramukansa na yankar roba. Mai sumul ɗin ciki da ɗan bolti da noti ya fi dacewa da ƙananan tiyo, haka ma na sifirin idan girmansa daidai ne. A ɗaura shi bayan kumburin hanci, ba a kansa ba. Waya kuwa a bar ta sai in hanya ta ƙare.

11. Ina ake samun adafta a nan, kuma wace ce hanya mafi kyau?

A ganina mafi kyau shi ne a mayar da famfon a nemo mai bakin da ya dace, ko da za a jira saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Na biyu, a duba tsohon famfo: idan hancinsa na kwancewa ne kuma zaren ɗaya ne, sai a mayar da shi kan sabon. Na uku ne adafta, kuma guda ɗaya tak. Jera adafta biyu ko uku yana ƙara wuraren yoyo, nauyinsu kuma na girgiza har ya karya bakin famfo.

A Birnin Kebbi ko Jega, ban da masu kayan mota, a leƙa wurin masu kayan tarakta da manyan motoci, domin su ne ke da banjo da washar jan ƙarfe. Sai dai a san zaren kowane kanti. Kayan masu famfon ruwa zaren Ingila ne, BSP. Notin masu firji na 1/4 haƙora 20 gare shi, na bututun mota mai wannan kauri kuwa 24, ga shi mazauninsu ma ya bambanta. Ka tafi da famfon da guntun bututun a hannu, kada ka tura yaro da kwatance. In an rasa, masu injin feƙe ƙarfe na iya fitar da ita daga tagulla, muddin ka ba su abin da za su auna.

12. In ajiye wannan wahalar in sa famfon lantarki mana?

Ana yi, amma ba kowanne ba. Kafireta irin Solex ƙarfin turi kaɗan take so, wajen psi 2.5 zuwa 4 (psi da bar ma'aunan ƙarfin turi ne). Famfon motar injekta yana turi da bar 3 ko fiye, wato sama da psi 40. Wanda ya ɗauko shi ya haɗa da kafireta, allura ba za ta iya tsare shi ba, fetur zai malalo kan inji. A nemi ƙaramin da aka yi don kafireta. Wasunsu da hancin milimita 8 suke zuwa, wasu kuma, irin na Facet mai kusurwa huɗu, da ramin 1/8 NPT, ka ga an sake komawa tambaya ta 5.

Famfon lantarki ya fi iya turi a kan zuƙa, don haka kusa da tanki ake ɗaura shi, ƙasa-ƙasa, da filta tsakaninsa da tanki, da fiyus da rile. Ya kamata kuma a haɗa shi ta yadda zai mutu idan inji ya mutu, misali ta makunnin ƙarfin baƙin mai, don kada ya ci gaba da feso fetur bayan haɗari. Tsohon famfon a cire shi a toshe wurin da faranti. Idan aka bar fetur na ratsa shi, ranar da fatar cikinsa ta fashe sai fetur ya gangara cikin baƙin mai.

13. Me ya sa ake yawan ja wa masu Beetle kunne?

Saboda injinta a baya yake, famfo da kafireta da distiributa duk a cunkushe wuri ɗaya, direba kuma ba ya ganin hayaƙi sai abu ya yi nisa. Tiyonta na asali siriri ne, wajen milimita 5.5, don haka 1/4 ba ya kamawa. Hancin tagullar da ke jikin kafireta da famfo kuma cusa shi aka yi, ba zare gare shi ba, kuma yana iya zarewa idan ya tsufa, musamman in an rataya masa filta mai nauyi tsakanin famfo da kafireta. A girgiza shi da yatsa. In yana motsi, a gyara kafin a tayar da mota. Filta kuwa a mayar da ita wajen ɗakin inji.

Wani abin lura shi ne sandar da ke tura famfon iri biyu ce, mai milimita 108 da mai 100, kowace da famfonta. Doguwa a ƙarƙashin famfon gajera na iya lalata shi, gajera a ƙarƙashin na doguwa kuma ba za ta turo fetur ba.

14. Babu ɗigon fetur ko ɗaya, amma tun da aka sauya famfo mota ke wahalar tashi, tana kuma mutuwa a hanya. Me ke nan?

Fara da mai sauƙi: ko an juya shiga da fita. Duba kibiya ko rubutun da ke kan famfon. Wasu famfunan kuma hanci uku gare su, ƙaramin na mayar da rarar fetur tanki ne, ba na kafireta ba.

Idan ba wannan ba ne, zargi haɗin da ke tsakanin tanki da famfo. A wannan ɓangaren famfo zuƙa yake yi, saboda haka haɗi mai sako-sako ba ya zubar da fetur, iska yake sha. Babban tiyo kan ƙaramin hanci, irin na tambaya ta 4, shi ya fi jawo haka. Alamarsa kumfa a cikin filta mai gani-har-hanji alhali inji na aiki. Na uku shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi na haura digiri 40, kuma idan sabon tiyon ya bi kusa da bakin salansa, fetur na tafasa ya zama tururi, famfo ya kasa tura shi. Irin wannan motar takan tashi lafiya da safe, ta mutu da rana, ta sake tashi bayan ta huce. A nisanta tiyon daga zafi, a kuma tabbatar an mayar da abu mai kaurin nan da ke raba famfo da jikin inji, in motar na da shi.

15. An gama haɗawa. Yaya zan gwada?

Tun farko aikin a fili ake yinsa, inji a sanyaye, an cire wayar batir da ke haɗe da jikin mota, babu taba babu garwashin mai shayi a kusa, ga abin kashe gobara na gari ko bokitin yashi a gefe, tunda ruwa baza wutar fetur yake yi. Bayan haɗawa a goge ko'ina ya bushe, a tayar da inji, a bi kowane haɗi da farar takarda ko busasshen tsumma. Ido kaɗai na iya yaudara, domin fetur na bushewa da sauri a kan ƙarfe mai zafi. A kashe inji a sake dubawa, saboda turin na nan a cikin tiyo na ɗan lokaci.

Bayan tafiyar farko mai ɗan nisa a ƙara taɓa kilif, sabuwar roba takan saki. Banjo in ya yi tsattsafi, sabuwar washa yake so. In babu, a ƙona tsohuwar ta jan ƙarfe har ta yi ja, nesa da mota, a bar ta ta huce, za ta yi laushi ta sake kamawa. A kuma zaro sandar awon baƙin mai a sansana: in ana jin warin fetur ko man ya ƙaru, matsalar a cikin famfon take, kuma sai an sauya man kafin a ci gaba da tafiya.